Tsofaffin allunan shaguna da dokar tsara birni: a bar su ko a sauke su?

Injiniya Kabiru, daga Portland:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina so in jawo hankalinku ga wani al'amari da na daɗe ina lura da shi a nan Amurka, wato yadda dokar tsara shiyyoyin birni take kashe tsofaffin allunan kasuwanci ba tare da ta ce a sauke su ba. A yawancin birane doka ta ƙayyade faɗin allon da mai shago zai kafa, da tsayinsa, da iyakar yadda zai leƙo kan titi, da irin hasken da zai yi. Allunan da aka ƙera tsakanin shekarun 1930 da 1960, musamman masu fitilar niyon, kusan dukkansu sun wuce wannan ƙa'ida, domin sun riga ta zuwa duniya. Abin da akan yi shi ne a ƙyale allon a inda yake muddin ba a taɓa shi ba. Amma ranar da mai shi ya sauke shi domin babban gyara, ko shagon ya zauna a rufe na wasu watanni, ko sabon ɗan haya ya so ya sauya sunan da ke jiki, to alfarmar ta ƙare, kuma ba za a yarda a mayar da shi ba. Saboda haka sai mai allo ya ji tsoron gyara, ya zuba masa ido har tsatsa ta cinye shi, daga nan kuma hukuma ta ce ya zama haɗari.

Akwai wani allo a bakin gadar Burnside da nake wucewa ta gabansa kullum, wanda ya tsira daga wannan tarko. An kafa shi a 1940 domin tallar sukarin White Satin, da zanen taswirar jihar Oregon. A 1957 kamfanin tufafi na White Stag ya karɓe shi, ya sa sunansa, ya ƙara hoton barewa tana tsalle. Birnin ya sa shi cikin kayan tarihi a 1977, a 1997 rubutun ya koma "Made in Oregon", sannan a 2010 birnin ya mallake shi, aka rubuta "Portland Oregon". Sau uku ke nan ana sauya rubutu, amma taswirar da ƙirar suna nan, barewar ma tana nan tun zuwanta. Ina ganin a nan maganin yake: doka ta kare ƙirar allo, ta bar rubutun ya bi zamani.

Malam Nura, daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Injiniya. Da girmamawa, ban gamsu ba. Allon talla ba masallaci ba ne, ba ganuwa ba ce, ba kuma gidan sarki ba ne. Ɗan kasuwa ne ya kafa shi domin ya jawo kuɗi aljihunsa, kuma da ciniki ya mutu aikin allon ya ƙare. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma ina jin ƙamshin wannan a cikin maganarka. Ku dubi São Paulo ta ƙasar Brazil, inda aka zartar da dokar tsabtace birni a 2006 zamanin magajin gari Gilberto Kassab, ta fara aiki a 2007, aka kwashe manyan allunan talla wajen 15,000, aka kuma rage girman na shaguna. Bayan haka ne mutane suka ga fuskar tsofaffin gine-ginen da alluna suka rufe shekara da shekaru. Ashe ke nan allo ma yana iya zama abin da ke ɓoye tarihi.

Alhaji Garba:

Salamu alaikum. Ni ba masani ba ne, ɗan kasuwa ne, amma maganar nan ta same ni har gida. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya buɗe shagon yadi da kayan ɗinki tun kafin yaƙin basasa, kuma allon da ya sa aka yi masa yana nan har yau. Farantin ƙarfe ne mai kauri, shuɗi, an rubuta sunansa da ruwan ɗorawa, boko a sama, ajami a ƙasa, a gefe kuma an zana almakashi a buɗe. Yana rataye ne a kan ƙarafa biyu da suka fito daga bango, ya leƙo kan baranda. Mutanen ƙauye da ba su karanta boko ba, da almakashin nan suke gane mu, har unguwar ma ana kwatance da ita, ana cewa ka sauka a Mai Almakashi.

Watanni biyu da suka wuce wasu ma'aikata suka zo da tef ɗin awo, suka auna, suka ce allon ya shigo hanya da kusan taku biyu fiye da ƙa'ida, suka shafa jan fenti a bango. Na ce musu allon ya girmi kwaltar da suke maganarta. Babbansu ya yi mini magana cikin mutunci, ya ce shi ma ya san allon tun yana yaro, amma a takardar da ke hannunsa babu gurbin da aka rubuta tsohon allo, abin da ke ciki kawai shi ne wanda ya cika ƙa'ida da wanda bai cika ba. 'Ya'yana suna cewa in sauke in buga banar leda kamar kowa, ni kuma zuciyata ta ƙi.

Barista Hadiza, daga Kaduna:

Alhaji, Allah ya jiƙan Baba. Abin da ma'aikacin nan ya gaya maka shi ne ainihin matsalar, kuma bai yi ƙarya ba. A tsarin mulkin Najeriya na 1999, jadawali na huɗu ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da tallace-tallacen waje da alluna. Daga baya jihohi suka shigo da nasu hukumomin, kamar yadda Legas ta kafa hukumar kula da alluna da tallace-tallace ta LASAA a 2006, kuma hankalin irin waɗannan hukumomi ya fi karkata ga izini, da kuɗin shiga, da tsabtar titi. A ɗaya ɓangaren akwai hukumar kula da gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ita kuma aikinta ya fi shafar gine-gine da wurare da kayan da aka gada. Allon shagon ɗan kasuwa ya faɗa tsakanin biyun, mai karɓar haraji yana ganinsa a matsayin talla, mai kula da tarihi kuma bai kai gare shi ba.

Ina so kuma kada mu ɗora buri mai yawa a kan shiga jerin kayan tarihi. Ginin Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu a Legas an ayyana shi a matsayin abin tarihi na ƙasa tun 1956, amma aka wayi gari a watan Satumba na 2016 an rushe shi. Idan takarda ba ta ceci bene ba, ban ga yadda za ta ceci farantin ƙarfe ita kaɗai ba.

Injiniya Kabiru:

Barista, kin yi gaskiya, kuma shi ya sa nake ganin gyaran ya kamata ya shiga cikin dokar alluna ita kanta, wadda ma'aikaci yake riƙe da ita a hannu ranar da ya fito awo. Haka birnin Tucson na jihar Arizona ya yi a 2011. An ƙara sashe a dokar alluna wanda ya ba mai tsohon allo damar ya nemi a yi masa rajista a matsayin allon tarihi. Idan ya samu, zai iya sauke shi ya gyara ya mayar, zai iya matsar da shi wani wuri da sharaɗi, kuma zai iya sauya wani ɓangare na rubutun domin sabuwar sana'a muddin bai ɓata ƙirar ba. Abin da ya fi jan hankalin 'yan kasuwa shi ne ba a lissafa tsohon allon cikin kason faɗin allo da doka ta ba shagon, wato mutum zai riƙe tsohon ya kuma kafa sabo. Kafin wannan, duk wanda ya riƙe tsohon allo ya cinye kasonsa ke nan.

Malam Nura, game da São Paulo ban musa maka ba, amma manyan allunan haya da ake liƙa musu sabuwar talla kowane wata daban suke da allon da aka ƙera domin shago ɗaya, a kan gini ɗaya, ya shekara 60 a wurin. Na farkon kowa zai iya sake yin irinsa gobe. Na biyun kuwa, idan na niyon ne, wani ne ya zauna gaban wuta ya lanƙwasa bututun gilashi da hannunsa harafi bayan harafi, ya ɗura masa iskar niyon domin ja, ko iskar agon da ɗigon zaiba domin shuɗi, kuma masu wannan sana'a sun yi ƙaranci ƙwarai.

Malam Nura:

To, Injiniya, bari in kama ka da bakinka. Ka ce a kare ƙira a bar rubutu ya sauya. Idan aka goge sunan mahaifin Alhaji Garba da ajamin da ke ƙasa, aka rubuta sunan mai sayar da wayar salula, aka bar almakashi, me aka adana? Allon Portland da kake yabo, ni a ganina ba allon 1940 ba ne, sabon allo ne da ke sanye da rigar tsohon. Sannan akwai maganar adalci. Idan doka ta hana ni kafa allo mai taku 20, ta bar maƙwabcina da nasa domin kawai ya tsufa, ai an ba shi talla kyauta da sunan tarihi. Allon Pepsi-Cola da ke bakin kogi a Long Island City, wanda hukumar kayan tarihi ta New York ta ba kariya a 2016, har gobe Pepsi yake tallatawa, alhali masana'antar da ke wurin ta rufe tun 1999.

Barista Hadiza:

Malam Nura, wannan tambaya taka ita ce ta hana wasu birane sakat, kuma labarin allon Citgo na Boston ya nuna haka. Allo ne na kamfanin mai, taku 60 a tsaye da 60 a kwance, a dandalin Kenmore, ana hango shi daga filin wasa na Fenway. An ba shi siffarsa ta yanzu a 1965, an kashe shi a 1979 lokacin ƙarancin makamashi, kuma da kamfanin ya so ya sauke shi mutanen gari ne suka tashi tsaye har aka sake kunna shi a 1983. A 2018 hukumar kayan tarihi ta birnin ta kaɗa ƙuri'ar ba shi kariya, amma magajin gari Marty Walsh ya hau kujerar naƙi, aka koma ga yarjejeniyar shekara 30 tsakanin kamfanin da masu ginin. Wato birnin ya so allon ya zauna, amma bai so ya ɗaure kansa har abada da tambarin wani kamfani ba.

Akwai kuma wata sarƙaƙiya ta shari'a a can. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a ƙarar da wani limamin coci mai suna Reed ya shigar da garin Gilbert, inda ta ce dokar da ke bambanta alluna bisa abin da aka rubuta a jikinsu ta taɓa 'yancin faɗar albarkacin baki. Tun daga nan masu rubuta dokokin birane suke taka-tsantsan, suna jingina kariyar ga shekarun allo, da kayan da aka yi shi da su, da gwanintar aikinsa, suna kauce wa maganar saƙon da yake ɗauke da shi. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ake kare ƙira fiye da rubutu.

Hajiya Rabi, daga Kano:

Ina biye da ku tun farko, kuma ina so in ce mu nan mun riga mun yi asarar da kuke tsoro, sai dai bakin mutane ya riƙe abin da bango ya kasa riƙewa. Ka tare ɗan adaidaita sahu a Kano ka ce Bata, ba zai tambaye ka ko ina ne ba, alhali sunan kamfanin takalmi ne. Kasuwar Singa daga sunan kamfanin keken ɗinki ta samo suna. A Zariya akwai PZ, a Kaduna akwai shataletalen Leventis. Jikata ta taɓa tambayata ko Bata sunan wani malami ne, na yi dariya, daga baya kuma abin ya dame ni. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant suka kafa kantuna, cinikin gyaɗa da fata da yadi ya sauya fuskar garin, kuma da an adana ko da allo goma daga wancan zamani, da yaro zai gani da idonsa inda sunan unguwarsu ya fito. Saboda haka, Malam Nura, ni ina ganin allo yakan fara a matsayin talla, amma idan mutane suka shekara 50 suna kwatance da shi, ya zama alamar gari ko mai shi yana so ko ba ya so.

Malam Nura:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, wannan hujja taki ta fi shiga kaina. Amma ita ma tana goyon bayana ta wani gefe, domin abin da mutane suka riƙe shi ne sunan, shi kuwa Injiniya sunan yake cewa a sauya. Na san dai a Sifaniya an yi akasin haka da baƙin bijimin kamfanin giya na Osborne, wanda aka fara kafawa a bakin hanyoyi a 1957. Da dokar hanyoyi ta 1988 ta hana talla a gefen manyan tituna, sai aka goge rubutun aka bar bijimin, kuma a 1997 Kotun Ƙolin ƙasar ta yarda ya zauna domin ya riga ya wuce matsayin talla. A can siffar ce mutane suka riƙe. Ke nan babu ƙa'ida ɗaya da za ta dace da kowane allo, sai an duba ko sunan ne ya kama zukatan mutane ko siffar.

Malam Isa mai fenti:

Ɗana ne ya karanta mini abin da kuka rubuta, shi ne kuma yake rubuta mini wannan. Na yi shekara fiye da 40 ina rubutun alluna da bayan motoci kafin injin buga leda ya karɓe aikin. Alhaji Garba, ina roƙonka abu ɗaya, kada ka kai allon nan wurin mai walda ya sa masa wuta, kada kuma ka bari yaro ya goge shi da samfefa ya sake fentin gaba ɗaya, domin ranar da aka yi haka hannun wanda ya rubuta shi ya tafi. A zamaninmu da zare da alli muke buga layi, mu zana harafi da fensir, sannan mu bi da burushi, kuma kowane mai fenti akwai yadda yake karya wutsiyar harafinsa, har muna gane aikin junanmu daga nesa. Ajamin da ke ƙasa kuwa, mai yiwuwa wani almajiri mai kyan hannu aka ɗauko ya zana, mai fenti ya bi sawunsa, domin haka muke yi.

Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki hotonsa gaba da baya, ka shimfiɗa takarda mai shara-shara a kai ka kwafi haruffan yadda suke. A wanke shi da ruwa da sabulu da tsumma mai laushi. Bayansa ne ake kankare tsatsa a shafa jan fentin da ke hana ta, gaban kuma a cike inda ya ɓamɓare kawai. Abin da yakan kayar da irin waɗannan alluna ba farantin ba ne, kusoshin da ke cikin bango ne, su za a sauya.

Injiniya Kabiru:

Baba Isa, Allah ya saka da alheri, ka taɓo inda hukuma take da gaskiya, wato tsaron lafiyar masu wucewa. A Hong Kong wannan ne ya share yawancin allunan niyon da suka yi suna a duniya. Sashen kula da gine-gine ya tsananta doka a kan allunan da aka kafa ba da izini ba, musamman manya da suka miƙo tsakiyar titi a garin da guguwar teku take kaɗawa kowace shekara, aka riƙa ba da umarnin saukewa. Saniyar niyon ta gidan abinci na Sammy's Kitchen an sauke ta a 2015, gidan tarihi na M+ ya karɓe ta. A Las Vegas ma gidan tarihin niyon da aka kafa a 1996 ya tara ɗimbin allunan otal-otal da suka mutu a fili guda. Ban raina wannan aiki ba, amma allo a gidan tarihi ya daina nuna wa kowa hanya, shi ya sa nake ganin a fara gwada ƙarfafa shi a inda yake, injiniya ya duba ya sa hannu, sai idan hakan ya gagara a ɗauke shi.

Na kuma karɓi gyaran Malam Nura. A allon Alhaji, sunan da ajamin su ne abin adanawa, ba zan ce a taɓa su ba.

Barista Hadiza:

Alhaji, tun da abin da aka kama ka da shi leƙowa kan hanya ne, ba girman allon ba, akwai hanya mai sauƙi. Ka rubuta takarda zuwa ga ofishin da ya turo ma'aikatan, ka haɗa da hotuna, da duk wata tsohuwar shaida da ke nuna shekarun shagon, kamar rasiɗin haraji ko hoton Baba a ƙofar shago. Ka nemi ɗaya daga cikin biyu, ko a bar shi a inda yake bayan an sabunta ƙarafan, ko a yarda ka kwantar da shi a jikin bango ta yadda ba zai leƙo ba. Ka sa mai unguwa da shugaban 'yan kasuwar layinku su sa hannu cewa da allon ake kwatancen wurin. Kada ka sauke shi kafin amsa ta zo a rubuce, domin da zarar ya sauka, mayar da shi zai zama kafa sabon allo, sabon izini kuma za a nema.

Alhaji Garba:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare na buɗe akwatin Baba, na samu rasiɗai da wani hoto marar launi da aka ɗauke shi tsaye ƙarƙashin allon, almakashin ya fito sarai. Mai unguwa ya ce in kawo takardar gobe bayan la'asar. Kwantar da shi a bango zai sa wanda ya taho daga bakin tasha ba zai hango shi ba sai ya iso ƙofa, don haka zan fara neman a bar shi a rataye. Malam Isa, idan ɗanka zai iya rako ka ranar Asabar, ina so ka duba kusoshin da idonka kafin in kira kowa ya taɓa su.